Mai Tsaron Gida a Filin Wasa da Fagen Fama

Gabatarwa

Cikin 'yan wasa goma sha ɗaya da kowane ɓangare yake fitarwa a wasan ƙwallon ƙafa, akwai mutum guda wanda aikinsa ya bambanta da na sauran, watau mai tsaron gida, wanda yara suke kira gola. Shi kaɗai aka yardar wa ya kama ƙwallo da hannu, rigarsa dabam take, kuma yayin da sauran suke kai hari gaba shi yana baya a tsaye bakin raga. Idan ɗan gaba ya yi kuskure akwai mai gyarawa a bayansa, amma idan gola ya yi kuskure sai dai a ɗauko ƙwallo daga cikin raga.

Makasudin wannan lacca shi ne a duba rayuwar masu tsaron gida biyu waɗanda yaƙi ya ratsa ta kansu. Na farko Bajamushe ne, Bert Trautmann, sojan Hitila wanda aka kama fursunan yaƙi, daga baya tsaron gida ya zama sana'arsa a ƙasar waɗanda suka kama shi. Na biyu ɗan Wusasa ne, Yakubu Gowon, wanda ya tsare ragar Kwalejin Gwamnati ta Zariya yana ɗalibi. Ƙwallo ba ta zama sana'arsa ba, aikin soja ya shiga, kuma shi ya shugabanci Nijeriya a lokacin yaƙin basasa. Dalilin haɗa su shi ne, duk yaƙin da ya ƙare yakan bar tambaya guda: yaya za a yi da abokin gaba na jiya? Trautmann yana cikin waɗanda aka ci da yaƙi, yana bukatar a karɓe shi. Gowon yana cikin waɗanda suka ci, karɓar tana hannunsa.

Zariya, Garin Makaranta da Bariki

Birnin Zazzau na cikin ganuwa tsohon gari ne na sarauta da malanta. Zuwan Turawa ya kewaye shi da sababbin wurare uku waɗanda suka shafi wannan bayani. Na farko shi ne mishan. Likita Walter Miller ya zauna cikin birni tun daga 1905, sa'an nan a ƙarshen shekarun 1920 aka mayar da mishan ɗin Wusasa, bayan ganuwa, inda aka gina coci da makaranta da asibiti. Na biyu shi ne bariki. A 1924 aka kafa wurin horon sababbin sojoji a Zariya, inda ake mayar da ɗan ƙauye kurtu, kurtu kuma soja. Na uku shi ne kwaleji. Makarantar da aka kafa a Katsina a 1921 ta koma Kaduna a 1938, sa'an nan ta sauka Zariya a 1949. Ita ce aka sani yanzu da sunan Kwalejin Barewa.

A waɗannan wurare uku duka wasanni suna cikin tarbiyya, domin Turawan Ingila sun ɗauka cewa filin wasa yana koya wa yaro biyayya da juriya da aiki tare da jama'a. Ta haka tamaula ta zauna da gindinta a ƙasar Zazzau.

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya tashi a 1939, wanda tsofaffi suke kira yaƙin Hitila, samarin Arewa masu yawa sun bi ta bariki zuwa fagen fama. Sun yaƙi Italiyawa a Gabashin Afirka a 1940 da 1941, sa'an nan rundunoni na 81 da na 82 na Afirka ta Yamma suka yaƙi Japanawa a ƙasar Bama, wadda yanzu ake kira Myanmar. Sunan barikin Chindit na Zariya ya samo asali ne daga wata runduna ta musamman da bataliyoyin Nijeriya suka yi aiki a cikinta a dajin Bama a 1944. Japan da Italiya kuwa ƙawayen Jamus ne. Ashe ke nan, ko da yake ba su taɓa haɗuwa ba, kurtun da ya fito daga Zariya da saurayin da za a yi bayaninsa yanzu abokan gaba ne a yaƙi guda.

Daga Bremen zuwa Sansanin Fursuna

An haifi Bernhard Trautmann a birnin Bremen na Jamus ran 22 ga Oktoba, 1923. Yana ɗan shekara tara Hitila ya hau mulki, a 1933, kuma a shekarar nan ya shiga reshen yara na ƙungiyar samarin Nazi. Ƙungiyar ta ja shi da guje-guje da tsalle-tsalle da ƙwallo, abubuwan da ya gwanance a kai, ta kuma cusa masa aƙidar fifikon jinsi da ƙin Yahudawa. A 1941, yana ɗan shekara 17, ya shiga mayaƙan sama da kansa. Da farko an koya masa aikin rediyo, daga baya ya zama sojan laima.

Ya yi kusan shekara uku a fagen Gabas, inda Jamus take gwabzawa da Rasha, ya sami lambobin yabo biyar. Shi da bakinsa ya ba da labari bayan ya tsufa cewa a 1941, a ƙasar Yukren, ya ga sojojin Nazi suna harbe fararen hula suna zubawa a rami. Daga baya aka mayar da shi fagen Yamma. Cikin mutum kusan 1,000 na rundunarsa ta asali, kimanin 90 ne suka ga ƙarshen yaƙin. A 1945 sojojin Ingila suka kama shi.

Ingilawa sun kasa fursunonin Jamus kashi uku gwargwadon yadda aƙidar Nazi ta kama su, kuma da farko sun sa Trautmann a kashin masu tsanani. Daga baya aka sassauta masa, aka kai shi sansanin Ashton-in-Makerfield a lardin Lancashire. A can fursunoni suna buga ƙwallo da ƙananan ƙungiyoyin gari. Shi ɗan baya ne a lokacin, sai ya ji ciwo a wani wasa, ya yi musanyar wuri da golan ƙungiyarsu, daga ranar bai sake barin raga ba. A 1946 fursunonin Jamus a Birtaniya sun kai wajen 400,000. Da aka gama mayar da su gida a 1948, wajen 25,000 suka zaɓi su zauna, har da Trautmann. Ya yi aikin gona da aikin kwance bama-baman da ba su fashe ba, yana kuma tsare wa ƙaramar ƙungiyar St Helens Town gida.

Zanga-zangar Manchester

A watan Oktoba na 1949 ƙungiyar Manchester City ta ɗauke shi domin ya gaji shahararren golanta Frank Swift. Shekara huɗu ke nan da ƙare yaƙi. Jiragen Jamus sun yi wa Manchester ruwan bama-bamai a 1940, gidaje da yawa sun rasa 'ya'ya a fagen fama, ga shi kuma garin yana da Yahudawa masu yawa, waɗanda Nazi suka hallaka danginsu. Mutum wajen 20,000 suka fito zanga-zanga, wasiƙun zagi suka yi ta zuwa, wasu magoya baya suka ce sun bar ƙungiyar.

Wanda ya yayyafa wa wutar ruwa shi ne babban malamin Yahudawan garin, Alexander Altmann, mutumin da ya gudo daga Jamus a 1938, kuma Nazi suka kashe iyayensa. Ya rubuta wasiƙa a jarida yana cewa, duk da ta'asar da Jamusawa suka yi musu, ba daidai ba ne a ɗora wa mutum guda laifin al'umma idan ba a tabbatar yana da hannu ba, a auna kowa da halinsa. Maganar ta yi nauyi saboda bakin da ta fito. Da wani wanda yaƙin bai taɓa shi ba ne ya faɗe ta, da an ce bai san zafin ba.

Sauran aikin kuwa Trautmann ne ya yi shi da hannunsa. A Janairu na 1950 ya buga wasansa na farko a Landan, da ƙungiyar Fulham. An tarye shi da ihu da zagi, an kuma ci ƙungiyarsa ɗaya da nema, amma saboda yawan ƙwallayen da ya hana shiga, da aka tashi 'yan kallo da 'yan wasan ɓangarorin biyu suka yi masa tafi har ya fita.

Ya kamata a san cewa tsaron gida a wancan zamani aiki ne mai hatsari. Ƙwallon fata ce mai shan ruwa ta yi nauyi, doka ta yardar wa ɗan gaba ya bangaji gola da kafaɗa, kuma babu canjin ɗan wasa: wanda ya ji ciwo, ko ya daure ko ƙungiyarsa ta ƙarasa da mutum goma. Sai a 1965 aka fara canji a gasar ƙungiyoyin Ingila. Trautmann ya yi suna wajen faɗawa ƙafafun ɗan gaba ya ƙwace ƙwallo, da kuma jefa ta da hannu ga ɗan wasansu domin a fara hari, maimakon ya doka ta sama ta faɗa inda ta faɗa.

A 1956 marubuta labarin wasanni suka zaɓe shi gwarzon shekara, shi ne gola na farko da ya sami wannan. Ran 5 ga Mayu na shekarar, a wasan ƙarshe na Kofin FA a filin Wembley, Manchester City tana gaban Birmingham City da ci 3 da 1, saura minti 17 a tashi, ya faɗa ƙafafun Peter Murphy, gwiwar Murphy ta same shi a wuya. Ya farfaɗo yana tangaɗi, ya ƙarasa wasan, har ya sake hana ƙwallo shiga. Bayan kwana uku hoton asibiti ya nuna gaɓoɓi biyar na ƙashin wuyansa sun goce, ɗaya ta tsage biyu. Makonni kaɗan bayan haka mota ta kashe ɗansa na fari, yaro ɗan shekara biyar. Duk da haka ya warke ya koma raga, ya buga wa ƙungiyar wasa 545 kafin ya bar ta a 1964. A wasan ban kwana da aka shirya masa mutum fiye da 47,000 suka cika filin Maine Road, a garin da aka yi zanga-zangar ƙinsa shekara 15 da suka wuce.

Daga baya hukumar ƙwallon Jamus ta tura shi koyarwa ƙasashen waje: Bama, inda sojojin Nijeriya suka yi yaƙi, sa'an nan Tanzaniya, Laberiya, Pakistan da Yaman. A 2004 Birtaniya ta ba shi lambar girma saboda ƙoƙarinsa na kyautata zumunci tsakaninta da Jamus. Ya rasu a Sifen ran 19 ga Yuli, 2013, yana da shekara 89.

Golan Kwalejin Zariya

A shekarar 1950, wadda aka yi wa Trautmann tafi a Landan, wani yaro daga Wusasa ya shiga Kwalejin Gwamnati ta Zariya. An haifi Yakubu Gowon ran 19 ga Oktoba, 1934, a ƙasar Angas ta Filato, amma a Wusasa ya tashi, inda mahaifinsa yake aikin bishara. A kwaleji ya zama golan makaranta, mai tseren dogon zango, mai tsallen gora, kuma shugaban 'yan dambe. Ya shiga soja a 1954, ya yi horo a makarantar hafsoshi ta Sandhurst a Ingila a 1955 da 1956, ya kuma yi aikin kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya a Kwango.

Juyin mulkin 15 ga Janairu, 1966, ya ci rayukan Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa da Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello da Cif Akintola da manyan hafsoshi, galibinsu 'yan Arewa. A watan Yuli aka yi juyin ramuwa, aka kashe Janar Ironsi, kuma ran 1 ga Agusta Gowon ya zama shugaban ƙasa yana Laftana-Kanar ɗan shekara 31. A watan Mayu da kuma Satumba zuwa Oktoba na shekarar an kashe dubban 'yan ƙabilar Ibo a garuruwan Arewa, Zariya ma ba ta kuɓuta ba, sauran suka gudu Gabas. Taron Aburi na Janairu 1967 bai ɗinke ɓarakar ba. Ran 27 ga Mayu Gowon ya raba ƙasar jihohi 12, ran 30 ga wata Ojukwu ya yi shelar Biyafara, ran 6 ga Yuli yaƙi ya ɓarke.

An yi wata 30 ana fafatawa. Gowon ya ba sojojinsa rubutacciyar ƙa'ida wadda ta hana taɓa fararen hula da fursunoni, a 1968 kuma ya gayyaci masu sa ido daga ƙasashen waje. Duk da haka an yi ta'asa: a Asaba, cikin Oktoba 1967, sojojin tarayya sun harbe ɗaruruwan maza fararen hula. Toshe hanyoyin shiga Biyafara ya jawo yunwa mai tsanani. Ƙididdigar mamata ta sha bamban, amma galibin masana suna cewa sun kai miliyan ɗaya ko fiye, mafi yawansu yara da yunwa ta kashe.

Ran 15 ga Janairu, 1970, Philip Effiong ya miƙa wuya a barikin Dodan a Ikko. Duniya ta zaci za a yi ramuwar gayya. Sai Gowon ya rungumi jakadun Biyafara, ya yi shelar afuwa ga jama'a, ya ce a wannan yaƙi babu wanda ya ci, babu wanda aka ci, domin yaƙi ne tsakanin 'yan'uwa. Ya ɗora manufar gwamnati a kan sulhu, da sake gina abin da ya rushe, da tsugunar da waɗanda suka tagayyara. Ba a kafa kotu irin ta Nuremberg, inda aka hukunta shugabannin Nazi, ba. Hukumar bincike ce ta duba hafsoshin da suka yi wa Biyafara yaƙi, aka mayar da wasu bakin aiki, aka sallami wasu, aka tsare kaɗan. Ma'aikatan gwamnati da yawa suka koma kujerunsu. Hausawa suna cewa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Sulhun bai rasa giɓi ba. Mutanen Gabas da suka taɓa ajiyarsu ta banki lokacin yaƙi, fam 20 aka ba kowannensu komai yawan kuɗinsa, kuma gidajen Ibo da yawa a Fatakwal ba su koma hannun masu su ba. Waɗannan koke-koke ba su mutu ba. Shi kansa Gowon ya janye alkawarin mayar da mulki ga farar hula a 1976, aka hamɓarar da shi ran 29 ga Yuli, 1975, yana taron ƙasashen Afirka a Kampala. Ya koma ɗalibi a Jami'ar Warwick ta Ingila, daga baya kuma ya taimaka wajen yaƙi da kurkunu, wanda aka tabbatar Nijeriya ta rabu da shi a 2013.

Filin Wasa Bayan Yaƙi

Gwamnatin Gowon ta ɗauki wasanni a matsayin hanyar haɗa kan ƙasa. A Janairu 1973 Ikko ta karɓi baƙuncin wasannin Afirka karo na biyu, inda Nijeriya ta ci Gini 2 da 0 ta ɗauki zinariyar ƙwallon ƙafa. A shekarar nan aka fara bikin wasanni na ƙasa domin samarin jihohi 12 su haɗu, aka kuma kafa shirin bautar ƙasa na masu gama jami'a.

Amma babbar shaida daga Inugu ta fito. A 1970, yaƙi bai daɗe da ƙarewa ba, aka kafa ƙungiyar Rangers daga samarin da suka tsira, Dan Anyiam yana koyar da su. Ta ci Kofin Ƙalubale na ƙasa a 1974 da 1975 da 1976. A 1977 ta haɗu da IICC ta Ibadan a wasan kusa da na ƙarshe na wata gasar Afirka, hankula suka tashi har aka kai karawa ta biyu Kaduna, inda bugun fenariti ya raba gardama. Rangers ta wuce, ta kuma ɗauki kofin da sunan Nijeriya. Golanta, dogon nan Emmanuel Okala, shi ne ya daɗe yana tsare ragar ƙungiyar ƙasa a shekarun 1970. A 1980, da Nijeriya ta ci Aljeriya 3 da 0 ta ɗauki Kofin Afirka karo na farko, kyaftin ɗin Rangers, Christian Chukwu, shi ya karɓi kofin daga hannun Shugaba Shehu Shagari, wani tsohon ɗalibin kwalejin da ta zama Barewa. Abin da ya faru da Trautmann a Manchester ya faru a nan: mutanen da jiya ake kira 'yan tawaye, su aka damƙa wa tsaron ragar ƙasa, Bahaushe da Bayarabe suna yi musu tafi.

Sai dai kada a ɗora wa ƙwallo abin da ba za ta iya ɗauka ba. Akwai labarin da ya bazu cewa an tsagaita wuta na awa 48 domin a kalli Pele lokacin da ƙungiyar Santos ta zo Nijeriya a farkon 1969. Zuwan gaskiya ne, amma masu bincike da suka duba jaridun lokacin ba su sami shaidar tsagaita wutar ba. Haka kuma ba za a ce tsaron ragar kwaleji ne ya sa Gowon ya yi afuwa ba, ko kuwa karyewar wuya ta wanke Trautmann daga rigar da ya sa a 1941. Ƙwallo ba ta hana yaƙi, ba ta biyan diyya. Abin da take yi shi ne ta fitar da mutum guda daga cikin taron da ake ƙi, ta tsayar da shi a gaban dubban idanu da sunansa da aikinsa, yadda kowa zai ga ko ya riƙe amana ko bai riƙe ba. Tsaron gida ya fi kowane matsayi nuna wannan, domin duk wanda aka sa a raga an amince masa ke nan.

Kammalawa

Daga labaran nan ana iya fitar da sharuɗɗa uku na komawar abokin gaba cikin jama'a. Na ɗaya, sai wani mai faɗa a ji daga ɓangaren da yake da iko ko yake da haƙƙin fushi ya buɗe ƙofa, kamar yadda Altmann ya yi a 1949 da Gowon a 1970. Na biyu, sai an ba wanda aka karɓa aiki na gaske wanda za a iya auna shi da shi. Na uku, sai shi ma ya riƙe amanar shekara da shekaru, kamar Trautmann da Okala. Inda aka yi shelar afuwa amma aka bar haƙƙin mutane a ƙasa, kamar zancen fam 20, miki yakan rufe daga sama ne kawai.

Ɗalibai da ma'aikatan gwamnati su ne suke riƙe da sharaɗi na biyu. Shugaba yana iya shelar sulhu a rana ɗaya, amma a ɗakin kwanan ɗalibai, da wajen ɗaukar ma'aikata, da kan teburin akawu inda takardar baƙo take jiran sa hannu, a nan ake gane ko shelar ta tabbata. Ƙa'idar da malamin Yahudawan Manchester ya kafa tana aiki a duk waɗannan wurare: a auna mutum da halinsa da aikinsa, a bar tambayar garinsu. Allah ya zaunar da ƙasa lafiya.